Teburin Tsakiya

Ranar da aka sauya wa Auta wurin zama, ba ta kawo komai a ranta ba. Ta shigo ofis da safe ta tarar an janye teburinta daga lungun da ke kusa da injin buga takardu, an kawo shi tsakiyar ɗaki, an cusa shi tsakanin teburin Baba Sakata da na Anti Tsintsiya. Har kofin shayinta an ɗauko mata, an ajiye shi yadda take ajiyewa, mariƙinsa na kallon hagu, domin ita bahaguwa ce. Wannan ne kaɗai ya ɗan sosa mata rai. Ba ta san akwai wanda yake kallonta har haka ba.

"Ƙarin girma ya samu, 'yar makulli," in ji Anti Tsintsiya, tana shafa mai a hannu. "Kin baro zafin inji kin dawo cikin manya. Gobe ki zo da rigar sanyi, iskar nan ba ta da mutunci."

Baba Sakata yana tsaye da jakarsa a kafaɗa, bai zauna ba. Ya dubi wuraren da babu kowa a jikin bango, inda samarin nan biyu masu bincike suke zama jiya.

"Ina yaran?"

"An hau da su sama, kusa da lauyoyi," in ji Anti Tsintsiya.

"Wa ya ce?"

Anti Tsintsiya ta toshe hanci da yatsu biyu, ta ɗaga gira. Kowa ya gane. Mai Turare take nufi, baƙon da ya zo daga hedikwata a farkon wata, wai don ya gyara tsarin aiki. Ba wanda ya riƙe sunansa. Ƙamshinsa ne yake riga shi shiga ɗaki, kuma in ya fita sai ya bar shi a nan ya ci gaba da zama da mutane.

Ɗakin nasu ba shi da taga. A ƙasan bene yake, a wani kamfanin dakon kaya, kuma aikinsu shi ne kula da rumbun saƙonni. Duk imel ɗin da ya shigo kamfanin ko ya fita, kwafinsa yana faɗawa cikin wannan rumbu ya kwanta, ko da mai shi ya goge nasa. Manhajar da ke riƙe da rumbun ba ta barin kowa ya yi abin da ya ga dama. An raba aikin matsayi-matsayi, kowane matsayi da iyakar abin da zai iya taɓawa, su kuma a ɗakin suna kiran matsayin nan makulli. Akwai makullin bincike, na masu nemo tsohon saƙo in an buƙata. Akwai makullin riƙo, na Baba Sakata: in ya danne akwatin saƙonnin wani sashe, ba abin da zai gogu a ciki har sai ya ɗage. Akwai makullin shara, na Anti Tsintsiya, mai goge abin da wa'adinsa ya cika, gogewar da ba a dawowa daga gare ta. Nan suka samo sunayensu.

Auta kuwa makullin rabo ne a hannunta. Ba ta karanta saƙon kowa, ba ta riƙewa, ba ta gogewa. Ita dai in an ce a sa wane a matsayi kaza, sai ta ja sunansa ta ajiye a ƙarƙashin matsayin, manhaja ta rubuta cewa ita ta yi. Aikin ya yi mata daidai, don ba ya buƙatar magana. Tun tana ƙarama in baƙi suka zo gida bayan ƙofa take laɓewa, kuma har yau in Manaja ya gaishe ta, takalminsa take amsa wa.

Abu ɗaya Baba Sakata ya dasa mata tun ranar da ta fara: riƙo da shara ba sa haɗuwa a hannu ɗaya. Wanda zai iya ɗage riƙo kuma ya iya gogewa, to shi kaɗai zai iya ɓatar da abu ba tare da wani ya ce masa tsaya ba. Maganar ta ƙara nauyi a bana, domin an danne saƙonnin sashen sito da umarnin kotu. Katakon ajiye kaya ne ya rufto wa wani lebura, bai sake takawa ba, danginsa suka kai ƙara suna cewa an daɗe ana rubuto wa manya cewa katakon ya ruɓe. Auta ba ta san ko gaskiya ne ba. Abin da ta sani shi ne akwatunan sito suna nan da alamar riƙo a kansu, kuma kullum da safe Baba Sakata yakan buɗe ya duba su kafin ya sha shayi.

Sai dai ɗakin yana da wata al'ada tasa, wadda ba a rubuta a ko'ina ba. In mutum zai yi tafiya ko hutu, sai a ara wa maƙwabcin teburinsa makullinsa. Baba Sakata da kansa ya ƙirƙiro ta shekarun baya. Dalilinsa mai kyau ne: maƙwabcinka ne yake jin wayar da kake amsawa, ya san inda ka tsaya, ya san abin da ke ba ka ciwon kai. Shi ya sa tun asali ya zaunar da kansa a wannan bango, ya zaunar da Anti Tsintsiya a wancan, kowa da saurayi mai bincike a gefensa. Aro bai taɓa kawo matsala ba.

Ba a yi mako da sauya tebur ba Manaja ya sauko. Mutum ne mai ƙiba da saurin dariya, amma ranar nan dariyar tana fita kamar an matso ta.

"Baba, hutunka ya taru ya yi yawa. Hedikwata ta ce dole kowa ya ci nasa kafin shekara ta ƙare. Daga gobe."

"Yallaɓai, da maganar kotu a ƙasa?"

"Kotu ba za ta gudu ba. Je ka huta, ka ga jikoki. Ko so kake ka faɗi mana a nan mu rasa mai ɗaga ka?"

Anti Tsintsiya ta ƙyalƙyale da dariya. "Ni dai ba zan ɗauka ba, ciwon baya ne da ni."

Da Manaja ya fita, Baba Sakata ya daɗe yana kallon allon kwamfutarsa. Sannan ya juyo, ya dubi Anti Tsintsiya, ya dubi Auta da ke tsakani.

"Ba zan ba mai tsintsiya sakata ba," ya ce. "Ke ce maƙwabciyata yanzu. Sa sunanki, 'yata."

Auta ta ja sunanta da kanta zuwa ƙarƙashin makullin riƙo. Allon ya fito da jan rubutu: kina ba kanki izini, kin tabbata? Ta dubi Baba. Ya gyaɗa kai. Ta danna.

"Ba wani aiki ba ne," ya ce yana zuba magungunansa a jaka. "Riƙo zama ne kawai. Ki duba da safe, ki ga suna nan, ki rufe. Ko wa ya ce ki ɗage, ki ce sai na dawo."

Kwanakin da suka biyo baya ɗakin ya yi faɗi. Mai Turare yakan leƙo sau ɗaya a yini, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a aljihu, ya tambayi ko sanyin ya yi mata yawa. Bai taɓa tambayar komai game da aiki ba. Auta takan ce lafiya lau, idonta a kan madannai, ta jira ƙamshin ya ragu kafin ta saki numfashi sosai.

Sai ga Anti Tsintsiya ta shigo wata safiya tana rawa da kafaɗu.

"Ku taya ni murna! Kwas na horo za a tura ni. Otal, 'yar makulli, otal mai ruwan zafi! Shekara nawa ina sharar kamfanin nan ba wanda ya tuna da ni." Ta tsaya ta dubi ɗakin. "Au, ke kaɗai ce ashe. To taya ni ke kaɗai. Maza karɓi tsintsiyar, mota na jira na da azahar."

Auta ta daina abin da take yi.

"Anti," ta ce a hankali, "na Baba yana hannuna."

"To sai me? Cinye shi za ki yi?"

"Ya ce ba sa haɗuwa."

"A hannun ɓarawo ba sa haɗuwa. Ke ko kuɗin cefane aka manta a teburinki sai kin bi mutum da shi har bakin titi. Haba ƙanwata, kada ki ɓata mini tafiya."

A lokacin ne ƙamshin ya shigo, Manaja a gaba, Mai Turare a bayansa.

"Akwai matsala ne?" in ji Manaja.

"Yarinyar nan ce take jin nauyi, yallaɓai."

Auta ta tattaro duk ƙarfin da take da shi. "Ko a kira ɗaya daga masu bincike, ranka ya daɗe. Ya riƙe."

"Su yanzu 'yan sama ne, ba 'yan ɗakin nan ba," in ji Manaja. "Kuma ai tsarinku ne, ba ni na kawo shi ba. Maƙwabci ke karɓar aro. Ko ba haka Baba ya koya muku ba?"

Haka ya koya musu. Mutum uku suna tsaye a kanta, ta ja sunanta karo na biyu. Wannan karon jan rubutun ya fi tsawo. Ya ce makullai biyu da bai kamata su haɗu ba za su haɗu a suna ɗaya, a rubuta dalili. Ta rubuta: aro.

Mai Turare ya sunkuyo ya karanta ta saman kafaɗarta. "Ya isa," ya ce. "Gajere kuma gaskiya."

Da yamma ta koma gida ta tarar Yaya tana guga a falo, yara suna faɗa a kan rimot. A wurin Yaya take zaune tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma Yaya ce ta bi ta da faɗa har ta koyi kwamfuta.

"Me ya samu fuskarki, Auta? Kamar an aiko ki da mugun labari."

Ta faɗa mata, da ƙyar, guntu-guntu.

"Shi ke nan? An yarda da ke shi ne kike kumbura? Wasu neman a ba su suke yi. Allah ya sa daga nan sai kujerar Manaja, mu ma mu shiga mota."

Mijin Yaya yana zaune a ƙasa yana gyara fankar da ta daina juyi. Bakanike ne, ba mai yawan magana ba. Bai ɗago ba ya ce, "Su sauran duk sun tafi?"

"Sun tafi."

"A lokaci ɗaya?"

"Kusan haka."

Ya ajiye sukundireba. "A tsohon garejinmu an taɓa yi wa wani yaro haka. Maigida ya sallami mai gadin dare, ya tura ɗan'uwansa ƙauye, ya ce yaron ya riƙe makullin shago duka. Yaro yana ta murna. Da injin wata mota ya ɓace, ba a ma yi dogon bincike ba."

"Kai dai ba ka iya faɗin alheri ba," in ji Yaya. "Ka tsorata mini yarinya." Amma ta tsaya da gugar, har rigar ta fara ƙauri.

Washegari kafin ta shiga ofis Auta ta tsaya a gindin bene ta kira Baba Sakata. Wayar ta daɗe tana ƙara.

"'Yata." Muryarsa ta yi nisa. "Jiya suka aiko. Sun ce shekaruna sun kai, ba sai na dawo ba. Har da godiya." Ya yi tari. "Riƙon yana nan?"

"Yana nan, Baba. Na Anti ma yana hannuna."



"Ni na shuka wannan," ya ce. "Ni da bakina na ce ki sa sunanki."

"Me zan yi?"

"Ban sani ba, 'yata. Wallahi ban sani ba. Duk abin da aka danna daga yau, sunanki ne a kai."

Ta shiga ɗakin, ta kunna fitila da kanta, don ba wanda ya riga ta. Tebur a dama babu kowa, tebur a hagu babu kowa. Ta buɗe akwatunan sito, suna nan da alamarsu. Ba ta rufe ba ƙamshin ya iso.

Mai Turare ya jawo kujerar Baba Sakata ya zauna a kai, kusa da ita, har gwiwarsa tana taɓa ƙafar teburinta. Manaja bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya jingina da ita.

"Labari mai daɗi," in ji Mai Turare. "An sasanta da dangin leburan nan. Magana ta ƙare. Sai a ɗage riƙon sito. Kuma tunda yawancin saƙonnin sun wuce wa'adi, sai a share su kamar yadda aka saba. Aikin minti kaɗan ne."

Auta ta kalli hannayenta.

"A rubuce?" Da ƙyar ita kanta ta ji muryarta.

"Na'am?"

"Ko za a ba ni a rubuce. Daga lauyoyi."

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro in ya yi tambayar da ta fi shi. "Wa zai rubuta miki, ƙanwata? Ke ce mai riƙo. Ke ce mai shara. Da hannunki kika ba kanki, ba wanda ya tilasta ki. Mai makulli ba ya neman izini, shi ake nema a wurinsa."

Ta dubi Manaja. Karo na farko ke nan da ta kalli fuskarsa kai tsaye, kuma shi ne ya kawar da ido, ya koma kallon silin.

Ta jawo shafin rabo. Mai Turare bai hana ta ba, ya ma gyara zama yana kallo. Ta nemi sunan Baba Sakata don ta mayar masa da nasa. Sunan ya dusashe, ba ya ɗaukuwa: an rufe. Ta nemi na Anti Tsintsiya.

"An dakatar da nata har ta dawo," in ji Mai Turare. "Don tsaro. Mutum yana otal, ba a san wa zai taɓa masa kwamfuta ba."

Masu bincike an cire su daga jerin ɗakin. Ta gangara ƙasa, ta hau sama. Shi kansa Mai Turare ba shi da suna a manhajar, ko ɗaya. Wata guda yana yawo a ginin nan, yana matsar da tebura da mutane, amma bai taɓa danna komai ba. Sunaye biyu ne kawai suka rage masu rai a jerin: nata, da na Manaja, wanda aka sa tun kafa rumbun don shi ne shugaban sashe, kuma ba a taɓa ba shi makulli ko ɗaya ba.

Manhajar ba ta yarda a bar makulli babu mai shi. Dole wani ya riƙe.

Ta tuna Yaya da motar da take mafarki, ta tuna yadda ta sha wahala kafin ta samu kujerar nan. Sannan ta ɗora yatsa ta ja makullin riƙo ta ajiye a kan sunan Manaja. Ta ja na shara ta ajiye. Jan rubutu ya fito yana neman dalili, ta rubuta: na mayar wa shugaba. Kafin wani ya yi motsi ta ja na ukun, makullin rabo, nata na kanta, ta ajiye a wuri ɗaya. Allon ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta danna. Shafin ya ɗauke, ya bar mata fari fat da layi ɗaya: ba ki da izinin ganin wannan.

"Me kika yi?" Manaja ya baro ƙofa. "Ke! Me kika yi? Mayar da shi!"

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe." Ta juya masa farin allon. "Ba ni da komai yanzu. Sai dai kai ka ba ni."

Ya tsaya cak. Ya san abin da hakan ke nufi. In ya mayar mata, jan rubutun da sunansa zai fito.

Mai Turare ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi tsorata ta fiye da a ce ya daka tsawa. Ya juya kujerar a hankali har ya fuskanci Manaja.

"To, Manaja. Ga shi ya zo hannunka. Ai ya fi sauƙi ma, ba sai an bi ta kan kowa ba."

Zufa ta tsatso a goshin Manaja duk da sanyin ɗakin. Auta ta gane cewa shi ma ba shi ne mai gidan ba.

Mai Turare ya miƙe, ya gyara kwat ɗinsa, ya dube ta daga sama.

"Ke kuma tunda ba ki da makulli, ba ki da aiki a ɗakin nan. Ɗauki jakarki." Ya ɗan dakata. "Ki dai sani, jan layi biyu suna nan da sunanki. Ke kika fara haɗa su, kuma kin kwana da su. In wata rana aka tambaya me ya faru a tsakani, ba ni zan amsa ba."

Ta ɗauki jakarta. Da ta kai ƙofa ta waiwaya sau ɗaya. Manaja ya zauna a kujerarta, a teburin tsakiya, hannayensa biyu a kan cinya, Mai Turare yana tsaye a bayansa ya dafa kujerar. Ba ta san ko zai danna ba. Ƙofa ta rufe kanta.

A waje rana ta take, titi cike da motoci da masu talla, kowa yana harkarsa. Maigadi ya tare ta a bakin get, dattijo ne da kullum yake ce mata "amarya" don tsokana. Yau bai ce ba. Ya miƙa hannu, ta cire katin shiga daga wuya ta ba shi.

"An bugo daga ciki," ya ce, yana kallon gefe. "An ce in tambayi inda kike zaune, da lambar wani naki. Ko da za a neme ki."

"Wa zai neme ni?"

"Ba a faɗa mini ba, 'yata."

Ya ciro biro daga aljihu yana jira. Auta ta tsaya da jaka a ƙirji. Ta yi tunanin ta ce ta manta, ta ga ba ta iya ƙarya ba. A hankali ta fara faɗa masa sunan layinsu, da launin ƙofar gidan Yaya.